Da ƙafarta ta hau jirgi: shin safarar ƙanwata aka yi?

"Assalamu alaikum Barista. Ƙanwata ce, shekararta 23, aurenta ya mutu tana da yaro ɗaya. Wata Hajiya a unguwarmu ta yi mata hanyar aikatau a wata ƙasar Larabawa, ta ce wata shida za ta yi tana biyan kuɗin jirgi da biza, daga nan albashi ya zama nata. Yau wata 14 ke nan ko sisi ba ta riƙe ba. Fasfonta yana hannun masu gidan, ko ƙofar gida ba ta leƙawa, waya ma sai a ɓoye. Da muka je wa Hajiya sai ta ce ai ba sace ta aka yi ba, da ƙafarta ta hau jirgi, kuma har yanzu da sauran bashi. Kullum ina ji a rediyo ana cewa ƙasashen duniya sun haɗa kai suna yaƙi da safarar mutane. Shin wannan safara ce, tunda da yardarta ta tafi? Kuma haɗin kan nan da ake faɗa yana da wani amfani ga irinmu, ko taro ne kawai a otal?" Daga wani mai karatu a Kano.

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya kuɓutar da ita, Ya ba ku juriya, musamman Inna idan tana raye, don na san ita ce ba ta runtsawa. Tambaya biyu ka haɗa. Ta farko ta doka ce, amsarta ba ta da wuya. Ta biyun, wato ko haɗin kan ƙasashe yana isowa har ɗakin da aka kulle ƙanwarka, ita ce mai tsawo, kuma ba duk abin da zan faɗa ne zai yi maka daɗi ba. Na daɗe ina zama da iyalai masu irin damuwarku da kuma matan da suka dawo, daga can zan ɗebo maganata.

Hujjar Hajiya

"Da ƙafarta ta tafi." Na ji wannan daga bakin dillalai har na gaji, kamar tare suka yi hadda. Tana kuma kashe wa iyali jiki, saboda a tunaninmu safarar mutum ita ce a toshe masa baki a jefa shi a bayan mota. Doka ba haka ta ɗauki abin ba.

Ma'anar da kusan duk duniya ke aiki da ita yau ta fito ne daga wata yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fara sa wa hannu a birnin Palermo na Italiya a watan Disambar 2000, ta fara aiki a Disambar 2003. Najeriya ta amince da ita tun 2001, Nijar a 2004, kuma ƙasashen da ke cikinta yanzu sun haura 170, har da ƙasashen Larabawan da matanmu suka fi zuwa aikatau. Abu uku ta ce a duba. An ɗauki mutum, ko an yi jigilarsa, ko an ajiye shi, ko an karɓe shi? Ta wace hanya aka same shi, ƙarfi ne, barazana ce, yaudara ce, ko kuwa an yi amfani ne da ƙuncin da yake ciki? Sannan don me, don a ci guminsa ta aikin tilas, ko bauta, ko karuwanci, ko a cire wani sashe na jikinsa? Idan ukun nan suka haɗu, an yi safara. Daga nan sai yarjejeniyar ta ƙara abin da ya rushe hujjar Hajiya: muddin ta yaudara ko tilas ko cin amanar mai rauni aka bi, yardar da mutum ya bayar ba ta da wani tasiri. Idan kuma yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ba a ma tambayar ta wace hanya aka same shi.

To, ɗora labarin ƙanwarka a wannan sikeli. Abin da ta yarda da shi wata shida ne babu albashi, sannan ta zama mai cin gashin kanta. Ba ta yarda da wata 14 ba, ba ta yarda a kulle ta ba, ba ta yarda da bashin da ba ya ƙarewa ba. Shi ma bashin nan yana da suna a dokar duniya tun 1956, lokacin da wata yarjejeniyar hana bauta ta lissafa shi cikin ɗabi'u masu kama da bauta: a jinginar da aikin mutum a kan bashi, amma aikin ba ya rage bashin, kuma ba a faɗi ranar gamawa ba.

Na taɓa riƙe littafin irin wannan bashi a hannuna. Littafin 'yan makaranta ne, an rubuta da shuɗin biro: kuɗin fasfo, kuɗin biza, kuɗin gwajin asibiti, kuɗin "wanda ya yi hanya", har da abaya biyu da akwatin da aka saya wa yarinyar. Kowane wata kuma sai an ƙara wani abu a ƙasa. Ta fasa tangaran. Ta yi zazzaɓi an saya mata magani. An sauya mata gida, sai an biya ofis. Bayan ta yi shekara tana aiki, jimlar da ke shafin ƙarshe ta fi ta shafin farko.

Amma kada in wuce gona da iri. Ɓangare ɗaya na ji, kuma alƙali ne ke yanke hukunci, ba lauya ba. Ba kowace muguwar uwar ɗaki ce mai safara ba. Wadda aka danne wa albashin wata biyu an zalunce ta, amma ƙararta ta ƙwadago ce, hanyarta daban. Sai dai abubuwan da ka lissafa, wato riƙe fasfo, hana fita, hana albashi, raba ta da waya, da bashin da ba a san iyakarsa ba, duk suna cikin alamomi 11 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a duba idan ana zargin aikin tilas. Da wannan labari ka zo mini ofis, a matsayin safara zan shigar da shi.

Inda aka ɗaure tamau da inda aka bari sako-sako

Ba banza aka zaɓi Palermo ba. Cibiyar 'yan Mafiya ce, a bayan garin aka tayar wa alƙali Giovanni Falcone bam a 1992. Yarjejeniyar safarar mutane reshe ce ta wata babbar yarjejeniya ta yaƙi da gungun masu manyan laifuka, wato tun asali da idon ɗan sanda aka rubuta ta, ba da idon uwar da 'yarta ta maƙale ba. Duk wanda ya karanta ta zai ga haka. Inda ake maganar mayar da safara laifi a dokar kowace ƙasa, lafazin na dole ne. Da aka zo kan wadda aka cuta, masaukinta, maganinta, izinin zamanta, sai harshe ya yi laushi: ƙasa za ta duba yiwuwar yin kaza, a inda ya dace. Kai ma ka san abin da gwamnati ke yi da aikin da aka ce mata ta duba yiwuwarsa.

Tana kuma da abokiyar tagwaitaka da aka haifa tare da ita, ta hana fasa-ƙwaurin baƙin haure. Bambancin a takarda a fili yake. Ɗan fasa-ƙwauri kai ka biya shi ya tsallakar da kai iyaka ku rabu, laifinsa a kan ƙasa yake. Mai safara ba ya sakin ka, laifinsa a kanka yake. A kan hanya kuwa ɗaya kan rikiɗe ya zama ɗaya. Saurayin da ya biya direba da kuɗinsa a Agadas shi ne bayan mako biyu za a kulle a wani gida a Sabha ta ƙasar Libiya, ana dukansa an kara masa waya a baki don iyayensa su ji ihunsa su turo kuɗi.

Shi ya sa aikinmu gaba ɗaya a kan gaɓa guda yake juyawa: wane suna jami'in da ya fara cin karo da ita zai rubuta a takardarsa? Idan ya rubuta cewa safararta aka yi, sai ƙofofi su fara buɗewa, masauki, likita, takardar komawa gida, wani lokaci har diyya. Idan ya rubuta cewa 'yar aiki ce da ta gudu, ko baƙuwar haure ce, sai ɗakin tsare mutane da jirgin kora. Mace ɗaya ce, tabon da ke jikinta ɗaya ne. Kuma suna na biyu ya fi wa kowace gwamnati arha.

Mun ga yadda fifita tsare iyaka a kan kare mutum ya kaya a Nijar. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana jigilar baƙin haure, Tarayyar Turai ta mara mata baya da kuɗi, aka kama direbobi a Agadas aka ƙwace motoci. Motocin da ke fita a bainar jama'a sun ragu, gaskiya ne. Amma waɗanda suka ci gaba sai suka koma bin hanyoyin da ba rijiya ba jami'i, kuɗin tafiya ya hau, wanda kuma kuɗinsa bai kai ba sai ya ci bashin dillali. Daga bashin dillali zuwa littafin da na ba ka labari taku ɗaya ne. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta Janar Tiani ta soke dokar. Ra'ayina shi ne an kashe maƙudan kuɗi da sunan ceton mutane, alhali tsare ƙofar Turai aka sa a gaba.

Ba taron otal kaɗai ba ne

Duk da haka, in na ce maka ba a tsinana komai ba na yi ƙarya. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane a Najeriya, wadda zan tura ka wurinta, 'yar wannan yarjejeniya ta Palermo ce. An kafa ta a 2003, aka sake ƙarfafa dokarta a 2015. Nijar ta yi tata dokar a Disambar 2010, da hukumar da ke kula da aiwatar da ita. Saudiyya ta yi dokar hana safarar mutane a 2009, mai hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 15. Kafin 2000, a ƙasashe da yawa, ko ka kai ƙara babu ma sashen dokar da ya dace da abin da aka yi wa ƙanwarka. Wani abin da ya tura gwamnatoci kuma kunya ce: tun 2001 Amurka ke fitar da rahoto duk shekara tana jera ƙasashe aji-aji, wadda ta faɗa ajin ƙarshe tana iya rasa wani tallafin. Ana sukar rahoton da cewa siyasa na shiga, kuma sukar tana da tushe, amma na sha ganin fayil ɗin da ya yi wata da watanni yana barci ya farka daidai lokacin da ake tattara alƙaluman shekara.

Giɓin da Palermo ta bari ta fuskar kare wanda aka cuta, wasu sun yi ƙoƙarin cikewa. Italiya tun 1998 take da sashe na 18 a dokarta ta shige da fice, wanda ke ba wadda ta kuɓuta daga hannun masu safara izinin zama da ake iya sabuntawa, kuma akwai hanyar samunsa ta ƙungiyoyin jin ƙai ba sai ta fara tsayawa a kotu ba. 'Yan Najeriya da yawa sun ci moriyarsa. Yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 2005 ta wajabta ba wa mutum aƙalla kwana 30 ya huta hankalinsa ya dawo jikinsa, ba a kore shi ba, kafin a tambaye shi ko zai ba da shaida. A 2014 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi ƙari a kan tsohuwar yarjejeniyarta ta 1930, ta ce a ba wa wanda aka sa aikin tilas damar neman diyya ko da ba shi da takardun zama, kuma kada a tilasta hukunta shi kan laifin da aka sa shi dole ya aikata. Ƙasar da ta fara amincewa da wannan ƙari a duk duniya Nijar ce, a 2015.

Kotuna ma sun nuna abin yana iya cizo. Ka tuna shari'ar Sanata Ike Ekweremadu a Landan. Saurayi ɗan shekara 21 mai talla a Legas aka kai Ingila don a cire ƙodarsa. Shi ma da ƙafarsa ya hau jirgi. Abin da ya sauya labarinsa shi ne ranar da ya shiga ofishin 'yan sanda, waɗanda ya tarar suka ɗauke shi a matsayin wanda aka cuta, ba baƙon da za a kora ba. A watan Mayun 2023 aka ɗaure Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, shekara 9 da wata 8. A nan kusa kuma akwai Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a yankin Ƙonni na Nijar a matsayin wahaya, wato baiwar da namiji ke ajiyewa bayan matansa na aure. Da ta samu kanta ta auri wanda take so, sai wata kotu ta ɗaure ta da laifin aure kan aure. Kotun ECOWAS ce a Oktoban 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Sai dai irin waɗannan shari'o'i ana iya ƙirga su. Ƙiyasin 2022 ya ce mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya, kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta ce ribar haram da ake samu daga guminsu ta kai dala biliyan 236 a shekara. Waɗanda ake ɗaurewa, in aka gwada da wannan, cikin cokali ne.

Wace ƙasa ce?

Ba ka faɗi ƙasar ba, kuma rabin shawarar a nan take. Idan ɗaya ce daga ƙasashen Gulf, ko Lebanon, ko Jodan, to da tsarin kafala za ku yi fama. Iƙamar 'yar aiki, wato takardar izinin zamanta, ɗaure take da sunan kafilinta, wato wanda ya ɗauke ta aiki. Ranar da ta sa ƙafa waje ba izini, yana iya kai rahoton cewa ta gudu, wani ma ya ƙara da cewa ta saci zinare, nan take wadda aka cuta ta koma wadda ake nema. An ɗan sassauta tsarin a 'yan shekarun nan. Ƙatar a 2020 ta ba ma'aikata damar sauya wurin aiki ba sai da yardar kafili ba. Saudiyya ta yi nata gyaran a 2021, amma ba a sa masu aikin gida a cikinsa ba. Yarjejeniyar kare masu aikin gida ta 2011 kuwa, babu ƙasar Gulf ko ɗaya da ta amince da ita. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokokin Saudiyya da Ƙatar da Kuwait da Daular Larabawa, amma wa zai shiga cikin gidan mutum ya buɗe durowa?

Abin da na ga yana aiki a can ba manyan yarjejeniyoyi ba ne, tsayuwar ƙasar da ma'aikaciya ta fito ce. A 2018, bayan an tsinci gawar wata 'yar aiki 'yar Filifin a cikin firiza a wani gida a Kuwait, Filifin ta hana 'yan ƙasarta zuwa aiki can. Cikin 'yan watanni Kuwait ta sa hannu cewa 'yan aikin Filifin za su riƙe fasfonsu da wayarsu. Su suna da rajistar waɗanda suka fita, da jami'an ƙwadago da masauki a ofisoshin jakadancinsu. Namu matan da yawa da bizar Umara ko ta ziyara suke shiga su zarce, babu kwantiragi, babu sunansu a littafin kowa sai na Hajiya.

Idan kuwa Libiya ce, lissafi ya sauya. Can ba maganar kotun ƙwadago ake ba, maganar fitar da rai ake. Tun bayan da CNN ta nuna bidiyon gwanjon mutane a Nuwamban 2017, da taron shugabannin Afirka da Turai da aka yi a Abijan a ƙarshen watan, ƙofar da ta fi buɗewa ita ce jiragen da IOM, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, ke shiryawa tare da ofishin jakadanci, waɗanda suka dawo da dubban 'yan Najeriya da 'yan Nijar.

Abin da za ku yi

Kafin komai, ku daina zuwa wa Hajiya da faɗa, kuma kada ku ƙara ba ta ko kwabo da sunan rage bashi. Duk barazanar da kuka yi mata a Kano, kafin magariba ta isa kunnen masu gidan, kuma abin da za su fara yi shi ne ƙwace wayar nan da ake ɓoyewa. Wayar ita ce igiyar da ta rage tsakaninku da ita. Saboda wannan dalili nake jan kunnen iyalai kan saka bidiyon kuka a Facebook ko TikTok tun yarinya tana cikin gidan. Wani lokaci yana tayar da hukuma daga barci, ban musa ba, amma na ga inda daga ranar ba a sake jin muryar yarinyar ba sai bayan watanni. Kada kuma ku ce mata ta gudu alhali ba ta san inda za ta nufa ba, sai fa idan ranta ne ke cikin haɗari.

A hankali ku tattara shaida. Hoton shafin fasfonta da bizar da aka buga mata, sunan ofishin da ya karɓe ta a can, cikakken sunan mai gidan, gari da unguwa. Idan za ta iya turo alamar wurin da take ta WhatsApp sau ɗaya, ta turo ta goge. Saƙonnin muryarta, da na Hajiya musamman inda ta ambaci wata shida ko bashi, da rasit na duk kuɗin da kuka tura, ku kwafe su a wata wayar daban. Sannan ka rubuta ƙorafi ka kai ofishin NAPTIP na Kano, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, ka aika irinsa ga hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje da Ma'aikatar Harkokin Waje. Wanda yake Nijar sai ya nufi hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasar. A cikin takardar kada ka tsaya kan "an zalunce ta". Ka rubuta abin da aka yi mata alkawari, wa ya yi, yaushe, a gaban wa, da abin da ta tarar, wata nawa ba albashi, fasfo a hannun wa. Kana rubuta wa jami'in ne abubuwa ukun nan na Palermo yadda ba zai iya kiranta da suna na biyu ba. Ka kuma nemi a binciki ko Hajiya tana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago na ɗaukar ma'aikata zuwa waje, don rashinsa ma laifi ne mai zaman kansa.

Rashin fasfo kada ya firgita ku. Wannan na cikin 'yan wuraren da Palermo ta yi magana da lafazin dole: ƙasar da mutum ya fito wajibi ne ta karɓe shi ba tare da jan ƙafa ba, ta kuma ba shi takardar tafiya idan ba shi da ita. Ofishin jakadanci yana bayar da takardar gaggawa ta komawa gida. Abin da ke cin lokaci shi ne izinin fita daga ƙasar da take, musamman idan an kai rahoton gudu ko biza ta ƙare. Yana iya ɗaukar makonni, yana iya ɗaukar watanni, kuma ba zan yi maka alkawarin rana ba. Ku gaya mata kada ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a takardar Larabci da ba a fassara mata ba, domin sau da yawa takardar cewa take ta karɓi duk haƙƙinta. Idan akwai halin shigar da ƙarar albashi kafin ta taso, a shigar, don bayan ta dawo abin yana wuya ƙwarai. Amma idan ya zama zaɓi tsakanin albashin wata 14 da lafiyarta, ni dai a dawo da ita nake cewa.

Bayan ta sauka

Nan ne mafi yawan shari'o'ina suka mutu, kuma ba a Palermo aka kashe su ba, a tsakar gida ne. Wata uwa ta taɓa zama a gabana, 'yarta da ta dawo tana gefe ta rufe fuska da mayafi, hannayenta duk sun sassaɓe saboda sinadarin wanke banɗaki. Mun gama rubuta bayani, saura sa hannu, sai uwar ta ce, "Barista, a bar maganar nan. Dillaliyar ƙanwar mijin yayata ce. In aka ɗaure ta, da wane ido zan shiga gidan biki?" Washegari dattawan unguwa suka zauna, aka ba su wani abu kaɗan, aka yi fatiha. Ban zarge ta ba, ita za ta ci gaba da zama a unguwar, ba ni ba. Amma dillaliyar tana nan, kuma na tabbata ba ta daina ba. Dokar Najeriya ta 2015 ta ba wa wadda aka yi safararta damar neman diyya daga wanda ya cuce ta, ta kuma hana a hukunta ta kan abin da ya biyo bayan safarar, kamar zama ba takardu. Duk wannan ba ya motsi sai da mai ba da shaida. Ku yanke shawarar nan ku da ita tun kafin masu ba da haƙuri su fara sallama, kuma ra'ayinta ne gaba.

Sannan ku shirya wa dawowarta hannu rabbana. Masaukin hukuma na 'yan makonni ne, jarin da ƙungiyoyi ke bayarwa ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma ba ya kai wa ko'ina. Abin da ya kore ta tun farko, mutuwar aure da yaro a hannu da rashin sana'a, yana nan yana jiranta, ga kuma tsegumin masu cewa wa ya san abin da ta yi a can. Na san wadda muka sha wahala muka dawo da ita, ba a rufa shekara ba ta sake tafiya ta hannun wata dillaliyar, saboda gonar da aka jinginar don tafiyar farko ba a fanshe ta ba. A fara kai ta asibiti, a bar ta ta yi barci, kada a tsare ta da tambayoyi. Abin da za ta faɗa zai fito da kansa, wani sai bayan watanni.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba. Dillaliyar da ke kai mata ƙasar waje sau da yawa da kawo yara daga ƙauye zuwa gidajen birni ta fara, tana karɓar kuɗin aikinsu duk wata. Rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna mafi yawan waɗanda ake ganowa a cikin ƙasarsu aka yi safararsu, ba su tsallaka iyakar kowa ba, kuma dokar nan ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Idan Hajiyarku tana wannan ma, ka sa a cikin ƙorafin, domin shaidarsa tana nan kusa, ba sai an jira amsa daga wata ƙasa ba.

Ka sake rubuto mini da sunan ƙasar, da irin bizar da ta shiga da ita, da ko akwai kwantiragin da ta sa wa hannu kafin ta tashi. Sunanta da lambar wayarta kuwa kada ka turo su nan, ka ajiye su sai a takardar ƙorafi.